Hoton da Ta Ƙi Gogewa

Wata mata tana tsaye gaban teburin mai gyaran waya, sanye da farar rigar aikin jinya, dunduniyar takalminta ta cinye ta gefe guda. Gilashin wayarta ya tsage, amma ta ƙi sakinta. Tana goge hotuna ɗaya bayan ɗaya, leɓɓanta na motsi kamar mai kiran sunaye.

Mai gyaran ya saba ganin haka. "Yaya, na saurayi ne? Ni ba na leƙe."

Da ta ce e, da magana ta mutu. Amma sai ta ce:

"'Yan'uwa ne da muke sujada tare a ɓoye. Akwai masu farautarsu."

"To, da kin ce saurayin mana! Wa ya matsa miki?"

"Tun da na karɓi Yesu na bar ƙarya, ƙanena."

Yana kallonta. Wataƙila danginta ba su sani ba, wataƙila sun sani har sun rufe mata ƙofa.

Ta miƙa wayar. Hoto ɗaya ya rage: ita kaɗai, jiƙe sharkaf cikin ruwan baftisma, tana dariya.

"Kin manta wannan."

"Ban manta ba. Wannan fuskata ce, ita kaɗai nake da iko da ita."