Yatsun Baba a Kan Bel ɗin Mobilet

Shekaranjiya a bakin tasha wani ɗan kabu-kabu ya gifta ni, warin roba mai zafi ya bugi hancina. Wallahi sai na tsaya cak. Warin tsakar gidanmu ke nan a Arlit, lokacin ina yarinya.

Babanmu mutumin Damagaram ne, aikin haƙar ma'adinai ya kawo shi. Yana da wata shuɗiyar mobilet, ƙaramin babur irin mai bel ɗin roba, wadda inna ke cewa ya fi lallaɓa ta a kanmu. Duk Juma'a da hantsi zai buɗe murfin gefe, ya zare bel, ya juyo cikinsa waje yana lanƙwasawa kaɗan-kaɗan, yana neman tsaga. Sannan ya zura yatsa a kwarin puli, wato faifan ƙarfen da bel ke zagayawa. Yakan ce yashin garin nan ba ya cizon ƙarfe, lasarsa yake yi har ya ƙare.

To, sai idanunsa suka fara dushewa. Ya bar aiki, ya bar hawa. Ka san halin mutane, da ido ya tafi sai a ɗauka hankali ma ya bi shi. A gama shawara a gida, sai daga baya a gaya masa. Abin yana cin sa, ni ma yana ci na.

Wata bazara, rana tana ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi, ƙanensa, baba ƙarami, ya zo aron mobilet. Zai goya matarsa da jaririnta zuwa wajen Dannet, gidan surukansa makiyaya. Hanyar yashi ce, ba inuwa, ba rijiya kusa.

Baba ya ce a turo masa ita. Ya lalubo bel ya zare, ya bi shi da ɗan yatsa, ya shafa puli.

"Ba za ta kai ku ba," in ji shi. "Bel ya tsattsage, puli ya cinye."

"Haba Yaya! Ko jiya da ita na zaga gari. Kai da ko gani ba ka yi?"

Inna ta saki muciya a tukunya.

Baba ya kira ni. "Uwata, zo. Lanƙwasa nan, ki faɗi abin da kika gani. Kada ki rufa mini asiri."

Bayan bel ɗin sumul yake kamar sabo, kuma na san in babu komai a ciki, maganar baba ta gama tasiri a gidan nan. Na rufe ido na yi bismillah, na lanƙwasa. Sai ga tsaga ta buɗe baki, da wata, da wata, jere kamar faso a diddige. Wajen da ya ɗora yatsana kuwa, zare kaɗai ya riƙe shi.

"Baba, duk ya fashe!" Da ƙarfi na faɗa, har maƙwabta sun ji, kuma ban ji kunya ba.

Baba ƙarami ya karɓa ya duba, ya waiwayi jaririn da ke bayan matarsa. Sai ya durƙusa.

"Yaya, ka yafe mini."

"Tashi ka sayo sabo, ka haɗo da puli. Sabon bel a tsohon puli asara ne."

Iyakar abin da ya ce ke nan.

Yau motoci masu ƙafa biyu sun cika Arlit, matasa na hawa har abu ya tsinke a hanya, sannan su nemi gareji. Tsohon da ido ya gaza kuwa, a shimfiɗa masa tabarma a gefe, a gaishe shi a wuce. Namu bai zauna a gefe ba. Baba ya rasu makaho, Allah ya jiƙansa, amma har ya koma ga Mahaliccinsa ba a sake ɗaura aure ko tayar da tafiya a danginmu ba sai an zo gabansa an ji ta bakinsa.