Cokali Uku na Baba Sito

Shekara talatin da uku Baba Sito ya yi yana riƙe da makullin siton magunguna na wani asibiti, har sunan wurin ya manne masa, na yankansa ya ɓace. In ka zauna da shi minti goma, sai ya gaya maka cewa ko ƙwayar magani ɗaya ba ta taɓa salwanta a hannunsa ba. In ka ƙara wasu goman, sai ya karanto maka dokokinsa biyu: tsohon kaya gaba, sabo baya, kuma abu ɗaya ba ya zama a wuri biyu. Mutum ne mai son sanin dalilin komai. Ko kwali aka sauke masa da ɗan lotsawa a gefe, sai ya bi diddigi ya gano a wace mota aka danne shi.

Abu guda ne wannan bin diddigin bai taɓa shafa ba, wato shayinsa na safe. Cokali uku na sukari yake sha, ba ragi. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce likita ya gwada jininsa, ya ce ciwon sukari na bakin ƙofa, ya kuma tuna masa da yayansa, wanda ciwon ya ci har aka yanke masa ƙafa. Baba Sito ya dawo gida yana huci, ya ce shi da ke ajiye wa likitoci magani ba za a koya masa shan shayi ba. Matarsa, wadda yake tsokana da suna Manaja saboda mulkin da take yi a kicin, ta yi lallashi, ta yi faɗa, har kuka ta yi. Da ta ga taurin kan ya fi ƙarfinta, sai ta yi shiru. Amma shi bai yarda da shirun ba. Kullum da safe yakan zauna a kujerar da ke bakin ƙofar kicin, yana kallon bayanta, yana ƙirga sau nawa hannunta ya shiga gwangwanin sukari. Uku cif, sannan ta juya da wani cokalin ta miƙo masa kofi. Duk shekara kuma gwaji ya fito lafiya, shi kuwa ya yi ta cika baki a majalisa cewa jininsa daban ne.

Sai ritaya ta zo. Mutumin da ya saba tashi da ƙarar makullai a aljihu ya wayi gari ba abin da zai buɗe. Ya gyara famfon da bai lalace ba, ya jera takalman gidan bisa girma, daga nan aiki ya ƙare. Abin ya dame shi ƙwarai, don ya fara jin kamar shi ma kaya ne da kwanansa ya wuce, an rasa wanda zai fitar. Wuri ɗaya ya rage a gidan da zai nuna har yanzu yana da amfani, kuma nan ne aka hana shi taɓawa.

Kicin ɗin Manaja kuwa abin kallo ne. Ba ƙazanta, ko kaɗan, sai dai baiwar Allah ba ta yar da komai. Gwangwanin madara in ya ƙare ya zama na gishiri, kwalba ta zama ta yaji, leda a cikin leda a cikin leda. Kwaba huɗu ne a bango, da ɗan sito a gefe, duk maƙil. Ita kaɗai ta san inda komai yake, ko da ido rufe za ta miƙa hannu ta ɗauko. Shi kuwa in ya leƙa, har ƙaiƙayi tafin hannunsa ke yi.

Da autarsu ta haihu a wani gari, Manaja ta shirya tafiyar kwana goma. Ta dafa abin da za a iya ajiyewa ta jera a firij, ta kuma nuna masa wasu ƙulle-ƙullen sukari guda goma a farar leda, kowanne na safiya ɗaya, wai don kada ya shiga yi mata barbaɗe a kicin. Tana bakin ƙofa da jakarta ta juyo.

"Baban yara, don girman Allah, kada ka taɓa mini kicin."

Ya ce ta sauka lafiya, ta gaishe da mai jego. Ƙarar motar ba ta gama ɓacewa ba ya naɗe hannun riga.

Ya shimfiɗa tabarma a tsakar ɗaki, ya kwaso komai. Rabon da ya ji daɗi irin na ranar tun yana aiki. Ya samu murafe ashirin da bakwai da ba su da robobi, da robobi tara da ba su da murafe, kuma ko ɗaya bai dace da ɗan'uwansa ba, abin da ya tsaya yana mamaki ya fi minti biyar. Ya samu taliya leda huɗu, kowacce an buɗe an ɗiba. Ya samu gwangwanin tumatir da ya girmi jikarsa ta fari, ya kumbura kamar an hura shi. Wake ya fito a wuri uku, ashana a wuri biyar. A can ƙuryar kwabar sama, bayan tukunyar da ba a ɗorawa sai an yi baƙi, ya ci karo da gwangwanin biskit, a ciki an naɗe cokula shida a tsumma. Duk irin ɗaya ne, masu ɗan fure a mariƙi, sai dai bakunansu sun baje kamar mota ta bi ta kai. Ya girgiza kai, ya ce wannan mata har gurgun cokali sai ta yi masa ɗaki. Ya jefa su a buhun da ya ware wa mai sayen tsofaffin ƙarafa.

Kafin la'asar ya wanke kwabobin, ya shanya, ya mayar da kaya. Masu nauyi ƙasa, na kullum daidai ido, na lokaci-lokaci sama. Ya manna wa kowane gwangwani takarda da suna. Da ya zo kan ƙulle-ƙullen nan goma, ya tsaya. Ga sukari a gwangwani, ga sukari a leda, abu ɗaya a wuri biyu ke nan. Ya kwance su ɗaya bayan ɗaya ya juye a gwangwanin, ya ninke ledojin.

Washegari ya dafa shayinsa da kansa, a kicin ɗin da ya zama nasa. Ya zaro cokalin shayi daga durowa, ya zuba uku, ya juya, ya kurɓa. Da ƙyar ya kai ga wurin wanke-wanke kafin ya tofar. Zaƙin ya kama masa maƙogwaro har idonsa ya kawo ruwa.

Da wani ne, da ya zubar ya sake haɗawa, ya manta. Baba Sito kuwa ya ja kujera ya zauna, ya sa kofin a gaba. Ya fara zargin sukarin, ya lasa, sukari ne dai irin na kowa. Ya zargi madarar, ya duba gwangwanin, babu zaƙi a ciki. Ya ce ko kofin ne ƙarami, amma kofinsa ne na kullum mai tsaga a hannu. Har gabansa ya faɗi, ya ce ko ciwon ne ya iso ta harshe. Sai ya tuna cewa 'yan shekarun nan ya daina shan shayi a gidan kowa, yana ta yi wa matan abokansa tsiya wai ba shayi suke dafawa ba, alewa suke narkawa. A wurin aiki ma daga filas ɗin gida yake sha. To ashe duk garin ne suka lalace, ko kuwa shi ne ya canja bai sani ba?

Ya ɗaga cokalin da ke hannunsa, ya dubi ɗan furen da ke mariƙinsa. Ya miƙe ya nufi buhun da ke bayan ƙofa.

Allah ya taimake shi mai ƙarafan bai zo ba tukuna. Ya zazzage buhun, ya tsinto cokulan shida, ya wanke, ya jera a tebur kusa da na durowa. Yanzu da ya sa tabarau ya ga abin da bai gani ba jiya. Ba taka su aka yi ba. Bajewar a tsare take, gefen a goge sumul, kuma kowanne ya ɗan fi na kusa da shi rashin zurfi. Na farko da ƙyar za ka bambanta shi da lafiyayye. Na shida kuwa kusan shafal yake, kamar ganye. Ya ɗauko ɗan sikelin da abokan aiki suka ba shi ranar sallama, ya auna su ɗaya bayan ɗaya. Uku na cokali na shida ba su cika ɗaya na cokalin durowa ba. Ya sake haɗa shayi da na shidan, uku cif, ya kurɓa. Shayinsa ne, wanda ya sani.

Ya so ya yi fushi, har ya fara. Shekara goma sha ɗaya ana yi masa ƙwange a gabansa, shi da ya horar da ma'aikata cewa ƙirga kwali ba ya isa sai an buɗe an duba ciki! Amma son sani ya rinjayi fushin. Wa ya yi wannan aiki mai kyau haka? Ya naɗe cokulan a tsummansu, ya sa hula.

Maƙeri ɗaya ne a bakin kasuwar unguwar, wani dattijo mai liƙe tukwane da wasa wuƙaƙe. Yana ganin tsumman ya ajiye gudumarsa ya yi dariya, ya tambaya ko mai cokulan lafiya, don lokacin zuwanta ya kusa. Ya ce duk bayan shekara biyu ko ƙasa da haka takan zo da sabon cokali da kuma na baya, ta ce a rage zurfin kaɗan, kaɗan dai, yadda harshe ba zai farga ba. Takan tsaya a kansa har ya gama. Sau ɗaya ya zarce da bugu, ta ce ba ta karɓa, ta koma kanti ta sayo wani. Ya ce shi a sana'arsa mutane ƙara zurfi suke nema, bai taɓa ganin mai neman ragi ba sai ita, har wata rana ya kasa haƙuri ya tambaye ta.

"Me ta ce maka?" in ji Baba Sito.

"Cewa ta yi, ƙafar wani take gadi. Ban gane ba, ban kuma ƙara tambaya ba. Kai ɗan'uwanta ne?"

Baba Sito ya dubi ƙafafunsa biyu a cikin takalmi, waɗanda suka kawo shi nan daga gida ba sanda, ba ɗingishi. Ya tuna yayansa a kan keken guragu, da zanen da ake rufa masa a cinya. Kunya ta kama shi, da wani tausayi da bai san inda zai ajiye ba. Ya ce wa maƙerin shi ne mai ƙafar. Sannan ya tsallaka kantin da ke kallonsu, ya dawo da sabon cokali mai fure a mariƙi, ya miƙa masa tare da na shida.

Manaja ta dawo da hantsin rana ta goma. Ko mayafi ba ta cire ba ta wuce kicin, don tun daga ƙofa ta ga buhun. Ta buɗe kwaba ta farko ta yi salati. Ta tambayi inda murafenta suke, ta ce da su take rufe kwanon maƙwabta in an aiko. Ta ce waken da ya haɗe wuri ɗaya iri uku ne, ɗaya ma na shuka ne da ƙanwarta ta ba ta. Ta karanta takardar da ya manna wa gishiri, ta tambaye shi ko an ce masa ta manta kamannin gishiri ne. Baba Sito na zaune a kujerarsa ta bakin ƙofa, bai kare kansa ba, abin da bai taɓa faruwa ba a tarihin auren.

Can sai faɗan ya tsaya cak. Ta taka kujera ta leƙa ƙuryar kwabar sama, ta laluba bayan babbar tukunya. Ba gwangwanin biskit. Ta sauko a hankali, fuskarta ta canja, ya ga tsoro ƙarara a idonta. Ba tsoron faɗansa ba ne, tsoron aikin shekara goma sha ɗaya ne ya tafi a buhun tsofaffin ƙarafa.

Ya ce mata tun safe bai sha shayi ba, yana jiran ta. Ta ɗora ruwa. Da ta buɗe kwabar da ya mayar da sukari, sai ga cokulan a jere a gaban gwangwanin, kan tsummansu da aka wanke aka goge, tsoho gaba, sabo baya. Ta bi su da yatsa. Ta kai na shida, yatsan bai tsaya ba, akwai wani a bayansa da ba ita ta kai maƙera ba. Ta ɗaga shi, ta juya shi a haske. Ta daɗe a haka, bayanta gare shi, yana ganin kafaɗunta na motsi.

"Nawa za a zuba?" ta tambaya.

"Haba Manaja, yau kika fara? Uku mana, kamar kullum."

Ta goge ido da bakin mayafi, ta sa na bakwai a gwangwanin. Shi kuwa ya gyara zama yana ƙirgawa.