Ragowar Maganin Auta

Da damina ne zawo ya kama autana, yana rarrafe. Surukata ta ce haƙori ne, a bar shi. Muka bar shi har maɗigarsa ta faɗa, idanunsa suka shige ciki, ya daina ko kuka. Lokacin an hana mu mata hawa kabu-kabu, sai ƙanena ya aro babur ya kai mu asibitin Zurmi daga Dauran.

Aka yi masa ƙarin ruwa, ya buɗe ido. Da za a sallame mu, nas ta ba ni wasu 'yan ƙwayoyi, ta ce sunansu zink. In narka a cokali da ruwan nonona, kullum sau ɗaya. Ta ce zawo ya wanke wannan sinadari daga jikinsa, shi zai gyara masa hanji ya dawo da cin abinci.

"Ko ya miƙe yana gudu, sai sun ƙare," in ji ta.

A garinmu kuwa ba a cinye magani. Da mai ciwo ya samu sauƙi, ragowar ta maƙwabta ce, kamar garwashin wuta. Auta na fara shan kunu sai ga Bafulatanar da ke kawo mana nono, ɗiyarta a goye, wuya ya langaɓe. Ita ma zawo.

"Ɗauko mata sauran," in ji surukata. "Naki ai ya tashi."

Na durƙusa. "Inna, bai gama ba."

"Yau ga rowa! Yaƙi da jahilcin naku abin da ya koya maku ke nan?"

In na raba, na san ba zai ishi kowa ba, ga yarinya kuma tana kallona. Na dama ruwan gishiri da sukari muka ɗura mata, na aika a kira ƙanena.

"Yaya, kin mai da ni direban asibiti," ya ce, yana tayar da babur zai kai su Zurmi.

Mako bai zagayo ba suka dawo da nasu ƙwayoyin. Inna ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwata sosai, ni kuwa kowace safiya ina narkawa ina ba Auta, har ta ƙarshe.

Daminar nan zawo ya koma wa yara da yawa a unguwa. Bai komo wa Auta ba. Kafin a yanke gero ya taka da ƙafarsa, ya tsallaka tsakar gida, ya tsoma hannu biyu cikin tuwon kakarsa.

"Ku zo ku ɗauke mani wanga ɓarawo!" ta ce, tana ƙara tura masa kwanon.