Malamin da Ya Zaɓi Ɗiyata ta Bayan Katanga

Da labarin rasuwar Malam ya iso Kebbe, na ji wata a gidan suna tana cewa, "Allah sarki, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana wasa da sanda." Na haɗiye maganata don gidan mutane ne. Sai da furfura ta fito mini na shiga ajin yaƙi da jahilci, amma yau ina riƙe alƙalami, kuma a nan zan tanka.

An kawo shi firamarenmu shekarun da aka yanka jihar Sakkwato, lokacin da kuɗin mai ya sa gwamnati gina azuzuwa kamar shuka su take yi. Tsohon soja ne mai ɗan ɗingishi, ya yi zama cikin 'yan badujala. Da safe lissafi yake koyarwa. Da la'asar kuwa fareti, da juya sandar da mai jan gaba ke riƙewa: a murza ta tsakanin yatsu, a cilla sama, a cafe, ƙafa ba ta saɓa wa ganga ba. Shi ke sassaƙa sandunan da hannunsa, ya kafa gwangwanin madara a kai, ya ɗura yashi don nauyi. Yaron da ya zo bai karya ba, ƙosai zai fara ci kafin ya shiga layi.

Yaran maza sun kasa cafewa. Da sanda ta juyo ƙasa sai su runtse ido. Shi kuwa Malam ya ɗauki wata ɗabi'a, in zai wuce ta lungunmu sai ya tsaya bayan katanga ya kasa kunne, har aka fara tsegumi. Namiji ba ya shiga gidan matan aure, shi ya sa da kunne ya yi zaɓensa. Lugude yake saurare, yadda 'yan mata ke jefa taɓarya sama in suna daka, su tafa, su cafe. A gidanmu ya ji tafin da ya fi na kowa yawa, na ɗiyata.

Ya yi sallama a zaure, na amsa daga ciki.

"Inna, wace ce mai luguden ga?"

"Mi kaka nema da ita?"

"Gaban fareti nika son ta ja, a Tambuwal, ranar bikin 'yancin kai."

"Ɗiya mace?"

"Sanda ba ta san mace ba, Inna. Wanda bai runtse ido ta sani."

Mijina ya riga ya rasu, yayansa ke da iko da yaran. Malami ne na gaske, ba na raina karatunsa har gobe. Da na kai masa maganar, ya ce ta yi faretin tunda gwamnati ta ce, amma ba za ta ɗaga hannuwa sama tana cilla sanda gaban maza ba.

Na ce, "Yaya, tuwon da kaka ci kullum, da hannu ƙasa anka daka shi?"

"Wancan cikin gida na."

"Hannun dai guda na."

Ya tashi ya wuce wurin hedimasta. Kashegari Malam ya dawo zaure ya gaya mini an gargaɗe shi: in yarinya ta cilla sanda, za a ɗauke shi daga Kebbe. Ya ce, "Ba ni ce mata cilla, ba ni ce mata bari. In koya mata, nawa ke nan."

Ranar bikin na bi motar 'yan kasuwa zuwa Tambuwal, na tsaya cikin mata masu tallar fura a gefen fili. Makarantu suna ta wucewa, sai ga tamu. Tana gaba, tana murza sanda daidai ƙugu kamar yadda aka yarda mata. Malam yana gefe da usur a baki, yana jan ƙafarsa. Da suka zo daidai rumfar manya, sai yarinyar ta waigo tana nemana cikin mutane.

Ita ce ta fari. A wurinmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ko kallonsa ba ta yi cikin taro. Ni ma haka na riƙe ta tun haihuwa. Ran nan na toshe hanci na saki guɗa, wadda har manyan rumfa suka juyo. Sanda ta tashi sama da kan kowa. Ta cafe.

Matar da ke kusa da ni ta kama baki. "Ke! Ɗiyar fari fa!"

Na ce, "Ni na haife ta, na sani." Na ƙara wata guɗar.

Kafin hutu aka mayar da Malam ƙauyen Fakku. Yaya bai amsa gaisuwata ba har aka gama kaka. Ranar tafiya Malam ya tsaya ƙofar zaure, sandunansa ɗaure a bayan keke, yana dariya.

"Inna, guɗar ga taki ta kai ni Fakku."

"Ka yi nadama?"

"Na yi. Hannunta na hagu yana latti wajen cafewa. Da sun bar ni zango guda, da na gyara shi."

Ya kira ta ta fito, ya jingine keke, ya nuna mata gyaran nan a tsaye, sannan ya hau ya tafi.