Miyar Inna Bok-sun a Ranar Kofi

Duk baƙon da ya shigo ginin wasanni na Jami'ar Haesol, gaban kabad ɗin gilashi ake fara tsayar da shi. Dama kofunan ƙwallon ƙafa na maza, hagu na mata, sun cika har wasu sun hau kan wasu. Jami'o'i masu ƙungiyar maza ta kirki ba su da wuyar samu, amma wadda mazanta da matanta duka ake shakkar haɗuwa da su, ai mu ne. Ni Gil sunana, direban bas ɗinsu, a kan wannan sitiyari furfura ta same ni. Na ga kociyoyi sun zo da cika baki sun koma da jaka a kafaɗa. Wadda ba ta taɓa gusawa ba ita ce Pyo Bok-sun, mai dafa wa 'yan wasa abinci, kuma hotonta ko ɗaya babu a jikin kabad ɗin, abin da har yau yake ba ni haushi.

'Yan wasa Inna suke ce mata, ni kuma Yaya, don ta girme ni kuma ba ta bari in manta. 'Yar wani tsibiri ce a kudu. Mijinta ya fita kamun kifi wata safiya, teku ba ta dawo da shi ba, sai ta haye tudu da yaro a hannu da ƙunshin wuƙaƙenta na girki, ta nemi aiki a kicin ɗin gidan kwanan 'yan wasa. Gajera ce mai kauri, muryarta tana ratsa bene uku. Ƙaton ɗan baya da ke sa 'yan gaban wasu jami'o'i rawar jiki, idan ya bar shinkafa a kwano sai ka gan shi ya sunkuyar da kai yana shan ludayi a ƙeya. Yaron nata yanzu babban ma'aikaci ne a Seoul, kullum yana roƙon ta ajiye aiki ta je ta yi renon jikoki. Ita kuwa sau ɗaya ta kwana a gidan nasa, can ƙololuwar bene, ta dawo tana cewa wurin da ba a jin ƙamshin ƙasa ba gida ba ne, akurki ne. Na san idan aka raba ta da kicin ɗin nan an gama da ita.

Kuma raba ta da shi ba abu ne mai wuya ba. Kowace shekara manyan ofis sai sun tayar da maganar a miƙa ciyarwa ga wani kamfani, kowace shekara kuma mutum ɗaya ne ke tsayawa ya ce a'a, wato Koci Tak na ƙungiyar mata. Shi ne garkuwarta, shi ne kuma abokin faɗanta.

Tak mutumin kirki ne, amma camfi ya yi masa katutu. Idan gasa ta fara ba ya aski, ba ya yanke farce, hula ɗaya yake sawa har ta fara tsami. Ƙwai ba ya shiga kicin ranar wasa, wai abu ne mai fashewa. Ina yi masa dariya a bayan ido, ko da yake ni ma ba na wanke bas ranar wasa, amma wannan ai daban ne. Babbar dokarsa a kan miyar ganyen teku take. A ƙasarmu kowa ya san ba a shan ta ranar jarrabawa ko ranar wasa, ganye ne mai santsi, wanda ya sha shi zamewa zai yi. Kowa kuma ya san ita ce miyar mai jego, shi ya sa duk ranar da haihuwar mutum ta zagayo sai ya sha ta da safe, ya tuna wahalar da uwarsa ta sha a kansa. Dokar Inna ke nan: ba wanda zai kwana ƙarƙashin rufinta ranar haihuwarsa ta wuce bai sha ba. Ranakun yaran duka a kanta suke, har na waɗanda suka gama suka yi aure.

Da daɗewa suka yi sulhu. Idan ranar wani ta faɗo kan ranar wasa, a ɗaga miyar zuwa washegari. Inna takan yi ta mita tana buga murfin tukunya, tana cewa ita ba ta taɓa jin matar da ta ɗaga naƙuda saboda ƙwallo ba, amma tana bi.

Shekarar da nake ba da labari, maza sun ɗauko kofinsu tun da rani, suka shigo gida suna taƙama, suna tsokanar matan wai ɓangaren hagu na kabad ya fara ƙura. Matan suka ciji yatsa, suka yi ta tsallake wasa bayan wasa har suka kai na ƙarshe a kaka. Duk da kofunan nan namu, ba mu taɓa haɗa biyun a shekara ɗaya ba. Gari ya ɗauka, har mai sayar da kifi a kasuwa sai ya tare ni yana ba ni shawarar yadda za a tsara 'yan tsakiya.

Mai tsaron ragarmu Seol Da-som ce, doguwar yarinya marar yawan magana, 'yar shekarar ƙarshe, ita ma 'yar bakin teku. Kowace bazara mahaifiyarta takan shanya ganyen teku da hannunta ta aiko wa Inna, ta ce a ajiye wa Da-som na ranar haihuwarta. A bazarar nan ma ta shanya, amma ba ita ta aiko ba. Ciwo ya kwantar da ita, kafin damina ta rasu. Mahaifin ne ya zo da ƙunshin a cikin motar haya, ya miƙa wa Inna a ƙofar kicin, ya juya. Ina wurin. Inna ta ɗora ƙunshin a saman kantar kicin mafi tsayi, ba ta bar kowa ya taɓa ba.

Da aka fitar da ranar wasan ƙarshe, na ga Inna ta tsaya cak da wuƙa a hannu. Ranar haihuwar Da-som ce.

Ana gobe wasa na shiga kicin shan ruwan sha'ir, na tarar an jiƙa ganyen a babbar roba. Na ce mata ta rufa wa kanta asiri ta bari sai jibi, kwana ɗaya ne fa. Ta ce yarinyar ba ta roƙe ta ba, ba kuma za ta roƙa ba, amma tun da satin ya kama take ganin ta tana satar kallon saman kantar. Na ce idan aka sha kashi, Tak ba zai sake buɗe baki a kanta a ofis ba, kuma garin nan kaf zai ce miyarta ce.

"Na sani, Gil," in ji ta. "Uwar yarinyar nan da ciwo a jikinta ta shanya ganyen nan. Ba don jibi ta shanya ba."

Da safe ƙamshin man riɗi da tafarnuwa ya cika gidan, ko mai mura ya san abin da ake dafawa. Yara suka shigo suna kallon juna. Kowa aka zuba masa miyar waken suya, Da-som kaɗai aka ajiye wa kwanon miyar ganyen teku da naman sa, tana tururi. Ta daɗe tana kallon kwanon. Sannan ta ɗauki cokali ta fara sha, hawaye na ɗiga a ciki. Tana tsakiyar sha Koci Tak ya shigo da gemunsa buzu-buzu da hularsa mai tsami. Ya ja hanci, ya dubi kwanon, fuskarsa ta yi ja.

"Inna, mai tsaron raga fa. A duk cikinsu, mai tsaron raga kika ba?"

"Ita uwarta ta haifa yau, Koci. Da kai aka haifa, da kai zan ba."

Wata daga can baya ta ƙyalƙyale da dariya, ta yi maza ta toshe baki. Tak bai yi dariya ba. Ya ce ita ta san abin da ta yi, ta kuma san abin da zai biyo baya. Inna ta goge hannu a jikin zanen gabanta, ta ce idan aka rasa kofin nan ba sai an kai maganarta ofis ba, da ƙafarta za ta fita. Da-som ta yunƙura za ta ture kwanon, Inna ta ɗaga mata ludayi ta ce ta shanye tas, ba a barin miyar uwa.

Garin da za a buga ba nisa, tafiyar hantsi ce. Inna ba ta saba bin mu ba, amma ranar ta shigo bas ta zauna a kujerar bayana. Na lura ta tura wani abu ƙarƙashin kujera da ƙafa. Da na duba ta madubi sai na gane shi: tsohon ƙunshin wuƙaƙenta ne, wanda ta zo da shi daga tsibiri. Ashe ta riga ta yanke, idan aka sha kashi daga filin za ta wuce tashar jirgin ƙasa. Raina ya ɓaci, na ji haushinta, na ji haushin Tak, na ji haushin duk wanda ya fara ƙirƙiro wannan camfi. Muna hawa babban titi kuma sai ga ruwan sama kamar da bakin ƙwarya. Na san kalma ɗaya ce a zuciyar kowa a bas ɗin: santsi.

Inna ta ƙi shiga filin. Ta zauna a bas da robar tafarnuwa tana ɓarewa, wai hannunta ba ya son zaman banza. Ni na tsaya a bakin ƙofar filin da laima, inda nake hango raga ina kuma hango bas. Ciyawa ta zama kamar an zuba mata sabulu, yara sai faɗuwa suke ta ko'ina. Kafin hutun rabin lokaci muka zura ɗaya, daga nan kuma wasa ya koma gidanmu, sai tarewa muke. Duk ƙwallon da ta nufi Da-som sai in ƙanƙame laimar. Ta kama, ta doke, ta sake kamawa. Na fara cewa a raina ashe za mu sha.

Ana dab da tashi, 'yar bayanmu ta zame ta kwashe ƙafar 'yar gabansu a cikin da'ira. Alƙalin wasa ya nuna fenariti. Na ga Tak ya juya, ba raga yake kallo ba, wajen da motoci suke yake kallo.

Mai bugun ta ja da baya ta taho. Da-som ta yi niyyar tsalle dama, kowa ya ga jikinta ya karkata. Sai ƙafar da ta dogara a kai ta zame. Ta sulale ta faɗi zaune daɓas a tsakiyar raga, ƙafafu a sama. Na rufe ido. Abin da na ji shi ne ƙarar ƙwallo a jikin mutum, sannan ihun ɓangarenmu. Ashe mai bugun ta ga ta karkata, sai ta buga tsakiya ƙasa-ƙasa, daidai inda santsi ya zaunar da Da-som. Ƙwallon ta bugi ƙwaurinta ta yi waje, 'yan baya suka yi fatali da ita, ba a jima ba aka hura tashi.

Rabona da gudu na manta, amma ranar na yi, laimar ma ban san inda na yar ba. Na tarar da Inna a zaune, ƙwayar tafarnuwa ɗaya a hannunta ta ɓare ta har ta dagargaje. Ta ji ihun amma ba ta san na wane ɓangare ba ne, ta kuma kasa tambaya. Na ce mata mun ci. Ta saki wata ajiyar zuciya mai tsawo, kafaɗunta suka sauka, sai a lokacin na ga ashe ta tsufa. Ni ma na zauna a matakalar bas ina dariya kamar wawa.

Can sai ga Da-som ta shigo jiƙe sharkaf, taɓo har wuya, lambar zinariya na lilo a ƙirjinta. Ta durƙusa gaban Inna.

"Inna, na zame fa. Da gaske na zame."

"To ai an ce za ki zame," in ji Inna, tana share mata taɓon goshi da gefen zane. "Ba a dai faɗi inda za ki faɗa ba. Wannan uwarki ce ta zaɓa."

Yarinyar ta kifa kai a cinyarta ta yi kukan da ta riƙe tun rasuwar uwarta, muka ƙyale ta.

Tak ne ya shigo ƙarshe, hula na ɗigar ruwa. Ya tsaya kan Inna ya yi gyaran murya, ya ce kada ta ɗauka doka ta canja, baɗi ma ba a yarda ba. Ta ce ta ji. Sannan ya tambaya ko miyar ta yi saura, don tun safe bai sa komai a cikinsa ba. Ta ce akwai, amma sai ya yi aski tukuna.

Da muka iso gida yara suka kwasa da gudu da kofi, maza na jiran su a ƙofa da ganga. Inna ta bari sai da bas ya zama ba kowa, ta sunkuya ta jawo ƙunshin wuƙaƙen ta ɗora mini a hannu.

"Mayar mini da su kicin ta ƙofar baya," in ji ta. "Kuma idan na ji wannan magana a bakin wani, kai da cin abincina har abada."

Na kai su, na jera mata kowace a mazauninta. Tana shigowa ta ɗauki babbar, ta gwada kaifinta da yatsa, ta ce in matsa mata daga hanya, akwai baki da yawa da za ta ciyar.