Goggo Zakiyya da Layin Kitson da Ta Bari

Da sassafe Goggo Zakiyya take barin gidanta a unguwar Badariya ta hau motar Argungu, jakarta ɗauke da matsefi da man kitso da 'yar tabarma. Wajen matan da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukansu take zuwa, waɗanda suka raɓe a wasu kangaye a bakin gari. Na daɗe ina mamaki. An ce aikinta kwantar wa masu gudun hijira da hankali, to me ya haɗa shi da matsefi? Ni da bakina ba ya shiru, sai na tambaye ta.

"In mace ta ba ki baya, ba ta jin kunyar idonki," ta ce. "Sai ki ji magana na hitowa da kanta."

Matan wurin ne suka ba ni labarin ɗaya daga cikinsu, Hanifa. Tun zuwanta ba ta magana sai gaisuwa. Kitson kanta ya dunƙule har ƙuraje sun fito, amma da an ce ta tsefe sai ta tashi ta bar wurin. Har an fara raɗe-raɗin ta taɓu, yara suna gudunta.

Goggo ba ta taɓa kan ba. Kusa da ita take shimfiɗa tabarma ta yi wa wasu kitso, sati yana bin sati. Wata rana ta leƙa ta ce, "Ƙanwata, wa yay yi miki wanga kitso? Mai shi na da hannu mai kyau."

Hanifa ta ce, "Ɗiyata Kausar ta. Washegari anka shigo muna, anka tai da ita. In na tsehe, mi zan riƙe?"

"Ba mu tsehe shi duka. Zaɓi layi guda."

Ta zaɓi na bayan kunne. Goggo ta tsefe sauran, ta wanke, ta sa magani, ta yi sabo kewaye da tsohon. Hanifa kuwa ta yi ta zancen Kausar har la'asar, tana kuka tana dariya. Daga baya Goggo ta raka ta wajen likita saboda rashin barci.

Goggo, ke ce mai haƙurin jira, ke ce wadda ta tambayi abin da mu ba mu tambaya ba. Bana yatsunki sun ƙage, kin ce tafiyar Argungu ta ƙare miki. Wallahi na ji zafin wannan magana. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri.

Mu da muka rage, kafin mu ce wani ya taɓu, mu zauna kusa da shi mu ji abin da yake riƙe da shi. Hanifa ce ta karɓi matsefin yanzu, tana yi wa 'yan matan kangayen irin kitson Kausar. Har yau ba labarin yarinyar, layin nan kuwa yana nan a bayan kunnen uwarta.