Tsingaron Randar Iya

Wata ranar Asabar da hantsi, a kakar shekarar da na shiga aji biyar, akuyarmu ta tsinke igiya ta bangaje randar Iya, kakata ta wajen uba. Ina sharar tsakar gida na ji ƙarar, na juyo na ga ruwa yana malala har gindin rumbu, kaji suna rige-rigen sha. Da randar nan aka kawo Iya gidanmu tun tana amarya. Babana ya sayo mata bokitin ƙarfe sabo fil, ta kurɓa sau ɗaya ta tofar, ta ce ruwan warin ƙusa yake yi. Daga ranar sai da lallashi take shan ruwa, ga tsufa ga zafi, har leɓenta ya fara tsagewa.

A firamarenmu a nan Haɗeja akwai malamin zane, Malam Isiyaku, wanda a bayan idonsa muke kira Malam Laka, don ba a taɓa ganin rigarsa babu dabbaren yumɓu ba. An ce ya yi karatun ginin tukwane har a birni, amma ya dawo gida ya kama aji. Iyayenmu mata sun gaji da shi saboda wankin kayan makaranta. Ya sha gaya mana duk wanda tukunya ta fashe a gidansu kada ya bari a zubar, ya kawo masa. Na tsince tsingaron randar Iya kaf a kwando na kai masa, ina ba shi labari hawaye na zuba. Bai lallashe ni ba, cewa ya yi in zo da fartanya ranar Juma'a da yamma.

Ruwan kogi ya janye a lokacin, fadama ta cika da masu yankan shinkafa, masunta na ta iyo kan gora a sauran tafkuna. Can ya kai ni tare da sauran yara, muna haƙa yumɓu muna jifan juna da laka, shi yana murza yumɓun a yatsa yana yar da wanda bai yi masa ba. Da muka dawo ya sa ni na daka tsingaron a tsohon turmi har ya zama gari, na tankaɗe, muka zuba cikin yumɓun muka yi ta tattakawa da ƙafa har cinyoyina suka yi tsami. Na tambaye shi amfanin wannan wahala. Ya ce, "Sabon yumɓu tsoron wuta yake yi. Sai an haɗa shi da wanda ya taɓa shiga."

Ya gina randar, ni aikina shafawa da tsumma kawai. Ta daɗe a inuwa tana bushewa, kullum kuma Iya tana ƙara ramewa. Ranar da aka jera ta da sauran tukwane a matoya bayan makaranta, aka rufe su da kara da buntun shinkafa aka cinna wuta, duk wadda na ji ta fashe sai gabana ya faɗi. Washegari ya tone tokar, ya ƙwanƙwasa randar da yatsa, ya saurara, ya ce in kira yayana mu ɗauka. Iya ta bari ruwa ya kwana a ciki, ta ɗeba da moɗa ta shanye ba ta sauke ba, ta ce, "Ai tawa ce." A randar ta ci gaba da sha har ta koma ga Allah.

Ni na gaji randar. Daminar bara ruwa ya shigo unguwarmu, katanga ta faɗo mata. Na tsince tsingaron a buhu, da rani na nufi gidan Malam, sai ɗansa ya tare ni a zaure ya ce ai an yi bakwai ɗinsa ma. Ban ji ba, ina can ina fama da hidimar rayuwa. Na zauna na yi masa addu'a, buhun yana gefena, sannan na saɓa shi na koma gida.

An daɗe da cire darasin zane a makarantar, wurin matoyar kuma nan masu keke napep suke jiran fasinja. 'Ya'yana ruwan leda suke sha, kuma ba su ga abin damuwa ba. Na yi cigiyar magini har Guri, aka nuna min wani tsoho, ya ce hannunsa ya daina ɗaukar aikin randa. Ni ma gwiwata ba ta tattakar laka yanzu, kuma shafawa da tsumma kaɗai na iya.

Buhun yana nan bayan ƙofar ɗakina. Wanda ya taɓa shiga wuta yana jira, sabon ne babu mai kawowa.